Gurun Baba Arzika da Layin Masu Jan Karti

Jirginmu bai gama hawa sama ba Baba Arzika ya riga ya ishe ni. Ni mutum ne mai gajen haƙuri, abokan aikina na Keita sun sani, matata ta fi su sani. Ga ni zan tafi Indiya koyon dabarun tare ruwan sama a gonakin tudu, abin da na daɗe ina nema, sai aka liƙa mini tsoho wanda ba ya gani.

Ɗan Galma ne, garin mahaifiyata. Idanunsa sun rufe, haske da duhu kawai yake rarrabewa. An gwada a Tawa, an gwada a Yamai, aka ce aikin sai waje. Ɗansa Nomau, mai shago a Abijan, shi ya shirya komai, amma bai samu zuwa ba. Da ya ji birni ɗaya za mu sauka, bai kira ni ba, Inna ya kira, don ya san bakin da ba na iya yi wa musu. Inna kuwa ba ta tsawaita ba. Ta ce, "Asumanu, amana ta nib ba ka. Hannunai bisa kahwaɗakka har ku komo."

Hannun kuwa na manomi ne, mai nauyi, duk kanta. Tunda ya ɗora shi a kafaɗata bai sauke ba sai da muka zauna. Ba ya kirana da sunana, Mushe yake ce mini, wai tunda na yi lakkwal, wato boko, kuma ina sa wando da bel.

A filin jirginmu na gida, da ya bi ta ƙofar ƙarfe ta wurin bincike sai ta yi ƙara, mai laluben ya taɓa ƙugunsa ya ji abu. Ɗan ƙasa ne, ya san guru. Ya yi murmushi ya ce, "Baba, wannan tsohon kaya ne. Wuce." Da muka zauna a jirgi na tambaye shi me yake yi da wannan abu, shi da ba ya wasa da salla.

Ya ce, "Kakannina ba su salla, Mushe. Ni ina yi, ubana ma ya yi kamin shi mutu. Amma wanga guru shi yaɗ ɗaura mini ranad da za ni Abijan da hwarko, shi ko ubanai yab ba shi. Ban san mi aƙ ciki ba. Ba a buɗewa. In anka buɗe, ya zama hwata kawai. Da shi za ni kwanta gaban masu wuƙa, in na komo in ɗaura ma Nomau."

Daga nan ya ɓalle da labarin cin rani. Yadda suke cika kamyo, babbar motar nan, har bisa kaya, yadda ƙura ke shiga haƙori, yadda ake yi a shingen hanya. Ya ce, "In munka iso shinge, mai kaki shi duba, shi duba, shi hidda mutum guda daga layi, shi ce kai zaka nan. To mota ba ta tashi. Ko ba ka san shi ba, ba a tahiya a bar shi. Mai agogo shi kwance, mai bargo shi miƙa, har a sako shi. Ni takalmana nib bari wani shinge sabadda wani Bazabarme, ko sunanai ban sani ba."

Na ce "uhm," na ce "Allah sarki," idona yana kan ɗan allon da ke bayan kujera, ina kallon fim.

Zangonmu na farko wani ƙaton filin jirgi ne inda ake canjin jirgi. Mun sauka a makare, kuma takardata ta nuna jirgin Indiya ya kusa tashi. Ga hanya doguwa, ga Baba yana tafiya kamar mai zaga gonarsa da hantsi. Duk wanda ya gifta sai ya yi masa sallama, har na'urar da ke goge daɓe ya gaisar. Ya ce yana son alwala. Na ce Baba sai gaba. Ya ce, "To, Mushe," ya ƙara danna hannunsa.

Muka iso wurin bincike. Layi ne ya nannaɗe tsakanin igiyoyi, jama'a kamar ranar kasuwar Madawa. Kowa yana cire takalmi, yana kwance bel, yana zuba kaya a faranti. Na duba agogo, na duba layin, na ce a raina shi ke nan, karatun da na yi shekaru ina bi za a buɗe shi babu ni.

A gefe akwai wata ƴar hanya mai jar shimfiɗa, babu kowa a kanta, wata mata mai kayan aiki tana tsaye a bakinta. Ƙungiyar da ta biya mini tafiya ta haɗo mini da wani jan karti, aka ce mai shi ba ya bin dogon layi. Matar ta hango shi cikin fasfona, ta yafuto ni. Na nuna mata Baba. Ta nemi nasa kartin, babu. Ta ɗaga yatsa ɗaya, karti ɗaya mutum ɗaya. Ina da Turancin da zai ishe ni in ce mata wannan tsohon ba ya gani. Ban ce ba.

Abin da na gaya wa kaina shi ne, in na wuce da sauri zan ruga ƙofar jirgi in roƙe su su jira mu. Dabara ce mai kyau, har na yaba wa kaina. Amma a ƙarƙashinta akwai wani abu da na sani sarai: so nake a sauke mini hannun nan ko na ɗan lokaci ne.

Na kama hannunsa na ɗora kan igiyar layi. Na ce, "Baba, riƙe wannan, ka bi na gabanka. Ni sun ce in bi ta nan."

Ya ce, "Su wa?"

"Masu kakin wurin."

Sai ya saki igiyar ya damƙe rigata. Ya rage murya ya ce, "Mi kay yi musu?"

"Ba komi, Baba. Yanzu za mu haɗu."

Da hannuna na ɓamɓare yatsunsa daga rigata, na mayar da su kan igiya, na juya.

Hanyar masu jan karti daɗi gare ta, ba zan yi mata ƙarya ba. Ba a ce in cire takalmi ba. Mai binciken har murmushi ya yi mini, ya ce in sauka lafiya. Kafin mutum ya shanye ludayin fura na fita. Kafaɗata sakayau, na ruga ƙofar jirgi, na tarar an rubuta shi ma ya yi jinkiri, mutane suna zaune suna latsa salula. Babu wata gaggawa. Maimakon in koma nan take, sai da na tsaya na sayi kafe. Da kofin a hannuna na dawo na tsaya bayan gilashin da ya raba waɗanda suka wuce da masu jira.

Na iske Baba ya iso gaba. An sa ya cire takalmi, an sa ya cire hula. Ban taɓa ganin kansa a buɗe ba, fari fat, ɗan ƙarami. Wani ya tura shi ta ƙofar ƙarfe, jar fitila ta kama. Suka ja shi gefe, suka ɗaga masa riga a gaban jama'a, ga guru nan baƙi ƙirin a ƙugunsa. Ɗaya ya kai hannu, Baba ya riƙe gurun da hannu biyu ya duƙa a kansa. Gilashin ba ya barin murya ta wuce, amma ina ganin kansa yana juyawa dama da hagu, ina ganin bakinsa. Ba Mushe yake cewa ba, Asumanu yake kira.

Na nufi hanyar da na fito, mai gadi ya tare ni da hannu. Ba a komawa. Na yi Faransanci, na yi Turanci, har Hausa na yi masa, ya nuna mini bayan layin rawaya ya ce in tsaya can.

Wata mata mai jiki, da babban mayafi, ta fito daga layi ta matso kusa da shi. Na ga tana magana da shi, tana juyawa ga masu binciken, tana dawowa. Can sai Baba ya miƙe tsaye. Ya sa hannu da kansa ya kwance gurun, ya miƙa shi da hannu biyu, ba ma saitin mutumin ba, saitin iska. Suka kawo almakashi. Abin da ke ciki suka zazzage a faranti: jar ƙasa, wasu busassun saiwoyi, da bakin kibiya na ƙarfe da ya yi baƙi. Mai safar hannu ya ɗaga bakin kibiyar ya nuna wa ɗan'uwansa, ya jefa shi cikin akwatin da ake tara reza da kwalabe. Ƙasar da saiwoyin aka juye a kwandon shara. Fatar suka miƙo masa.

Matar ce ta jawo shi da hannun riga har inda nake. Bakanuwa ce, mai zuwa sarin atamfa da mayafai. Ta ce, "Kai ne Asumanun?"

Kafin in amsa Baba ya cafke ni. Ya shafa fuskata, ya mammatsa hannuwana kamar mai duba ɗan akuya da ya faɗa rijiya. Ya ce, "Sun sako ka? Ba su buge ka ba? Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi."

Hajiyar ta dubi jan kartin da ya leƙo daga aljihuna, ta dubi kofin kafe. Ta zaunar da Baba a kujera, ta sa masa dabino a hannu, ta ja ni gefe.

Ta ce, "Da farko ya hana su. Suka ce to a jira babbansu ya zo a san yadda za a yi, na faɗa masa. Ya ce shi ba shi da lokacin jira, an fitar da yaron da ke tare da shi daga layi, uwar yaron kuma ta ba shi amanarsa. Ya ce su riƙe wannan su sake ka. Na ce Baba ba a kama mutane a nan, ya ce ni mace ce, ban san hanya ba." Ta gyara mayafinta. "Malam, da ka buɗe baki ka ce makaho ne, kujera mai taya za su kawo, ku wuce tare ta inda ka wuce. Ni ban gaya masa komai ba. Kai ka san yadda za ka yi da shi."

Na rasa inda zan sa kofin nan. Ashe Inna ta bi ta bayana ta ce masa shi ma ga ɗanta nan, ya kula da shi. Ban sani ba ko da na tsaya gurun zai tsira, wataƙila duk da haka sai sun buɗe. Amma na san da ina gefensa ba zai kwance shi da hannunsa ba.

A jirgi na biyu ya yi ta murza fatar a cinyarsa. Na ce, "Baba, gurunka." Ya ce, "Bari, Mushe. Ƙarhe na da ƙasa. Mi za ni ce ma uwakka in na koma ni ɗai?" Aka kawo abinci na kasa ci. Shi ya lallashe ni, wai tsoro ne bai sake ni ba.

Indiya ta tarbe mu da zafi da ƙarar odar motoci. Mai taksin da ya ɗauke mu ya yi ta zagaye da mu, na ga mun sake wuce wani gini mai jan rufi da muka riga muka wuce. Na tashi masa da masifa cikin Faransanci, na zage shi tas, har jijiyar wuyana ta tashi. Mutumin ya tsorata ya miƙe hanya. Baba ya ce, "Kai, Mushe akwai zuciya." Ni na san ba duk faɗan ne na mai taksi ba.

Nomau ya kama masa ɗaki a wani gidan baƙi kusa da asibiti, cike da ƴan Afirka masu jinya, da wani ɗalibi ɗan Cadi da ke yi musu tafinta. Ni ina can wurin karatu, kullum da la'asar in hau bas in zo. Duk zuwan da zan yi sai na tarar yana ba da labarin, an kewaye shi. Ya ma sa masa suna, "ranad da anka kama Mushe." Kullum labarin yana ƙara tsawo, masu kakin suna ƙara yawa. Masu sauraro su dube ni da tausayi, wani tsoho ɗan Mali har addu'a ya yi mini.

Nomau ya kira. Ya saurari zancen gurun har ƙarshe. Sannan ya ce, "Ba komi, tunda kun hita lahiya. Asumanu, ban san da bakin da za ni gode maka ba." Inna ta aiko da murya tana sa mini albarka. Na saurara sau ɗaya, ban iya sake buɗe ta ba.

Abincinsu yaji da mai, babu gero ko na magani. Kewar gida ta kama mu duka. Baba yana da ƴar gumba da ya zo da ita cikin babbar jaka, yana gutsura kaɗan-kaɗan yana damawa da nonon kanti. Ranar da ta zo ƙarewa ya raba biyu, ya laluba ya tura mini babban rabon. Ya ce, "Ci, kai kash sha wuya." Na ci.

Na buɗe baki in gaya masa ya fi a ƙirga. Kullum sai in ce bari a yi aikin tukuna, kada in tayar masa da hankali. Wannan ma dabara ce irin ta ƙofar jirgi, na sani.

Wata rana na saci fatar gurun na kai wa wani mai gyaran takalmi da ke zaune a gindin bishiya. Ya juya ta, ya shinshina, ya ɗinke ta da baƙin zare, ɗinki mai kyau ƙwarai. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, ya taɓa fatar ya taɓa goshinsa. Na kawo wa Baba ina jin na yi wani abu. Ya auna ta a tafin hannunsa. Ya ce, "Ɗumki ya yi kyau. Amma ba nauyi." Bai ɗaura ba, aljihu ya sa ta.

Da safen da za a shiga da shi, suka sa masa wata riga mai ɗauri ta baya, suka kwantar da shi a gado mai taya. Na ga hannunsa ya tafi ƙugunsa, ya laluba, ya dawo. Ya sake komawa. Mutumin da ya ratsa shingayen Abijan bisa kamyo, sai ga shi yana neman inda zai dafa. Ya ce, "Mushe, tsoro nika ji. Ban taɓa shiga wuri ba shi ba. Kawo kahwaɗakka." Na duƙa ya dafa, ina tafiya a duƙe gefen gadon har ƙofar da ba a bari a wuce. A nan ma sai da aka ɓamɓare yatsunsa, amma wannan karon ba ni na yi ba. Na zauna a benci na yi kuka, wata tsohuwa Ba'indiya ta miƙo mini ruwa.

Allah ya taimaka, ido ɗaya ya buɗe. Ranar da aka cire bandeji ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ashe Mushe sanƙo gare ka? Ni ina ta ce maka yaro." Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma tun daga ranar na kasa haɗa ido da shi.

Karatuna ya ƙare, lokotoron idon ya sallami Baba, muka kamo hanyar gida ta filin jirgin nan dai. Yanzu komai sai ya tsaya ya kalla: matakala mai tafiya da kanta, fitilu, matan da ba su rufe kai ba. Hannunsa yana kafaɗata har yanzu, ba don yana buƙata ba, ya saba ne. Jan kartin na cusa shi can ƙasan jaka. Da muka iso wurin bincike na ja shi kai tsaye zuwa dogon layi, ina ta yi masa surutun damina don kada ya waiga.

Layin yana tafiya a hankali, kuma ƴar hanyar mai jar shimfiɗa tana nan gefenmu. Baba ya daina amsa mini. Wani mai kwat ya zo ya nuna jan karti, matar ta yi masa murmushi ta buɗe igiya, ya wuce, ya ɗauki jakarsa a can gaba ya yi tafiyarsa. Wata mata ta zo da ɗanta, kowa da kartinsa, haka. Wani saurayi yana waya, ko tsayawa bai yi ba. Baba ya bi kowannensu da idonsa ɗaya har ya ɓace. Na ga yana leƙa bayan wurin, yana neman ɗakin da ake kai mutane. Babu ɗaki, sai kantin kafe.

Ya ce, "Mushe, nan na?"

Na ce, "Nan ne, Baba."

"Wagga hanya kab bi?"

"Ita ce."

"Waɗanga da ka bin ta, kama su aka yi?"

"A'a, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Da ƙahwassu suka shiga."

Na ce, "Baba, ni ne na..." Ya ɗaga hannunsa daga kafaɗata, ya gyara hularsa da shi, bai mayar ba. Ya ce, "Kartinka na nan?"

"Yana nan."

"To tahi ka bi ta can, kak ka makara. Ina gani yanzu."

Ban tafi ba, shi ma bai sake cewa in tafi ba. Da muka iso gaba ya cire takalmansa da kansa, ya cire hula, ya zaro fatar gurun daga aljihu ya ɗora a faranti. Ya bi ta ƙofar ƙarfe, ba ta yi ƙara ba.

Bai gaya wa Nomau ba, bai gaya wa Inna ba. Da ta tambaye shi yadda na riƙe shi, ya ce Mushe ya yi ƙoƙari. Labarin kamun ne kawai ba a sake ji a bakinsa ba. Daga wannan layi har ƙofar gidansa a Galma a gabana yake tafiya, jakarsa a hannunsa, bai sake dafa ni ba.